Jan Allon Bakin Kogi

Wallahi ba za ku yarda ba, ni ma da na san mutumin sai da na riƙe baki. Ana ce masa Sarkin Dabara, mai lambu ne a bakin kogi, ƙasa kaɗan da inda masu haƙar ma'adinai ke wanke ƙasarsu. Aji huɗu ya yi ya gudu, amma in yana cika baki sai ka rantse shi ya koyar da malaman. Ciwonsa ɗaya: hassada.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta auna ruwan kogin, ta ce akwai guba a ciki, asinik da ɗan'uwansa antimoni. Ta kafa jan allon gargaɗi a mashayar kogin.

"Ruwa garai-garai kamar idon zakara?" in ji Sarkin Dabara. "Gubar tana ina?"

"Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano," ta ce. "A hankali take ci."

Mijin ƙanwarsa, shi ma mai lambu, ya ji magana ya haƙa rijiya can nesa da kogi. Nan da nan masu saye suka koma wajensa. Sarkin Dabara yana zaune yana kallon kwandunan tumatir suna wucewa ta gabansa, zuciyarsa kamar ta fashe.

"Yaya, zo ka ja ruwa a rijiyata mana," in ji surukin.

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Yaushe aka haife ka?"

Da rana tsaka, kowa na hutawa, Sarkin Dabara ya tumɓuke allon ya kai ƙofar lambun surukin ya kafa. Masu saye suka gani, suka watse, suka dawo wajen Sarkin Dabara. Surukin ya cire allon ya jefar, amma magana ta riga ta zaga gari.

Daɗi ya kashe Sarkin Dabara. Baki kuwa bai iya riƙewa ba. Yana kan kujerar wanzami ya fesa labarin duka, har da kwaikwayon fuskar surukin.

Bayan wata huɗu mahaifiyar Sarkin Dabara ta fara ciwon ciki, fatarta ta yi ɗigo-ɗigo baƙi. Ma'aikaciyar ta tambaye ta inda take ɗiban ruwan sha.

"Kogi mana, 'yata. Na ga an cire jan abin, na ce ruwan ya warke."

"Wa ya cire?"

Kafin la'asar wanzami ya ba da amsa. Aka auna rijiya, lafiya lau. Aka auna ganyen lambun Sarkin Dabara, ga guba. A gaban jama'a aka sa shi ya tuge shukarsa kaf da hannunsa, ya mayar da allon. Yanzu kullum da safe yana bin layi da jarka a rijiyar surukin, don ruwan tsohuwa.

Darasi: mai hassada yana auna gonar wani, amma a tukunyar gidansa abin yake sauka. In masu sani sun kafa gargaɗi, kada ka taɓa shi, domin ba ka san wanda yake karewa ba.