Motar da Ba Ta Karɓar Turi

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi a kudu, na tarar an sare ɗorawar bakin majami'a, an cire rufin ciyawa an sa kwano. Yaran da na bari da majina sun zama 'yan kwaya masu waƙa a majami'a. Rijiyar unguwa ta koma famfo mai amfani da hasken rana. A ƙofar majami'a kuma motoci na gani a jere, yawancinsu tsofaffi 'yan Kwatano, masu sauya giya da kansu. Fasto ya ce tun da na iya tuƙi, kuma ba na komai sai yawo, in rubuta wa ajin matasa darasin wannan Lahadi. Ga abin da na rubuta.

Akwai wani mutum, manomin tumatir, yana da lambu a fadama. Yana kuma da wata tsohuwar mota mai kuloci wadda ba ta tashi sai an tura. Kowace safiya sai ya tsaya a ƙofar gida yana gaida mutane, har ya tara masu turi. Su kuwa ba sa turawa shiru.

"Baban Tabita, yau ma mu ne injin?"

"Ka sa mana mai a ciki mana, ko kunu ne!"

Yana dariya tare da su, amma abin yana cinsa a rai.

Da ya sami hali, ya tafi birni. Dillali ya nuna masa wata doguwar mota otomatik, fentinta yana ƙyalli. Ya ce, "Wannan wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, coci kawai take zuwa. Ba kuloci, ba wahala. Ka murza, ka taka, shi ke nan." Mutumin ya shafa kujeru, ya kunna rediyo, ya ji sanyin iska a fuskarsa. Ya saya. Bai buɗe gabanta ba.

Sai da ya kai gida ya kulle ƙofa, sa'an nan ya ɗaga bonet. Ya ga baƙin mai ya malale ko'ina, wayoyi an ɗaure su da roba, batir ya kumbura, kawunansa sun yi fari. Ya daɗe yana kallo. Ya rufe, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Kande. A waje kuwa ya riƙa cewa, "Sabuwa ce kusan. Baturiya ce ta hau ta." Ya daina tsayawa gaisuwa da safe. Gilas a rufe yake wucewa.

Lokacin ɗiba ya yi. Ya cika motar da kwanduna, ciki da sama, amfanin ranin gaba ɗaya. Masu manyan motoci da ke saye a kasuwa sukan tashi kafin rana ta take, tumatir kuma ba ya jiran gobe. Ya shiga, ya murza makulli. Motar ta yi ƙas, ta yi shiru. Ya sake murzawa. Shiru.

Maƙwabta suka ji, suka fito, ko da yake ya daina gaishe su. Suka naɗe hannun riga. "To, Baturiya ma tana son hannun baƙaƙe? Ku kama!" Suka tura ta har gangaren makaranta, ta gangara a guje, ta tsaya a ƙasa kamar jakin da ya ƙi.

Sai ga maƙwabcinsa Filibus, mai cajin waya, ɗauke da batir a ka, da wayoyi biyu a wuya. Ya sauke ya ce, "Baban Tabita, irin wannan ba ta tashi da turi. Ko garin nan duka ya tura. Wuta take so daga wani batir. Ɗaga mana gabanta."

Mutumin ya dubi taron. Duk waɗanda ya gaya wa labarin Baturiya suna wurin. Ya ce, "Ba abin da ya sami gabanta. Ku ƙara turawa."

Kande ta matso ta ce a hankali, "Maigida, rana tana yi. Ka buɗe masa."

"Na ce a tura."

Suka tura. Suka mai da ita sama da nishi, suka sake sakinta. Ɗaya bayan ɗaya suka share gumi suka koma gonakinsu. Filibus ya zauna a kan batirinsa a gindin wata bishiya, bai tafi ba. Da rana ta take, jan ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan kwanduna, yana bin fentin nan mai ƙyalli. Manyan motoci suka wuce ta babban titi, cike da tumatir na wasu.

Da la'asar, da ba sauran kowa sai su biyu, mutumin ya ja ƙarfen da ke buɗe gaban motar, bonet ya buɗe. Filibus ya leƙa, ya ga mai, ya ga roba. Ya jona wayoyin. Motar ta tashi a murzawar farko.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Motar ita ce mutum. Fentin shi ne fuskar da muke kawowa sujada, da "lafiya lau" da muke amsawa kafin a gama tambaya. Abin da ke ƙarƙashin bonet shi ne abin da ka sani, Allah ma ya sani. Masu turi su ne iyaye, da dattawan ikilisiya, da matan zumunta. Suna iya tura ka zuwa majami'a, su tura ka zuwa baftisma, su tura ka har aure. Za ka yi motsi muddin hannunsu yana bayanka, amma ba ka tashi ba. Rai ba ya shiga ta baya. Wanda ya zo da wutar shi ne Ubangiji Yesu. Ba ya fasa ƙofa, ba ya kuma yi wa abin da ya gani dariya. Yana zaune yana jira.

Ku lura, motar ta tashi daga baya. Jinƙan Ubangiji bai ƙare da la'asar ba. Amma tumatir bai dawo ba. Akwai abin da jinkiri yake ci wanda gafara ba ta mayarwa: shekaru, da amanar mata, da yarintar 'ya'ya.

Malama Rifkatu ce za ta karanta muku wannan, domin ni motar asuba zan bi, na riga na ɗaure jakata. In ta gama, kada kowa ya waiwayi na kusa da shi. Kowa ya san inda ƙarfen nasa yake.