Gwauruwar da Ta Ƙi a Sa wa Awakinta Lamba

Akwai wata gwauruwa mai awaki goma sha ɗaya. Ta rasa jar akuyarta mai ciki, ta sami lambar da babu mai irinta a garin. Ga yadda abin ya faru.

A garin nan kowane gida yana da shaidarsa a kunnen dabba. Ta mijinta, marigayi Barnaba, tsaga biyu ce a kunnen hagu. Da safe makiyayi yakan kwashe awakin gari duka zuwa daji, da yamma ya duba kunne ya mayar wa kowa nasa. Amma gari ya cika, kunnen akuya kuwa bai ƙara faɗi ba. Tsagar da za a iya yi ta ƙare, har gida uku suna tarayya da shaida ɗaya.

Sai sarkin makiyaya ya kawo 'yan ƙarafa da ake maƙalawa a kunne, kowace dabba da tata doguwar lamba. Kowa ya kai nasa. Gwauruwar ta ƙi.

Ya zo har ƙofar gidanta ya ce, "Mama, saura ke."

Ta ce, "Akuya da ɗan kunne? Amarya ce? Wannan lambar ko kai mai karatu sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙarshenta. Da wuƙarsa Barnaba ya yi tsagar nan. Je ka, ɗana, ka gai da gida."

Wata rana da yamma awaki goma suka dawo mata. Ta bi gida gida, ta tarar da jar akuyar a garken wani baƙo wanda shi ma tsaga biyu aka ba shi. Makiyayi ne ya kai ta can bisa kuskure, baƙon kuwa ya haɗa ta da nasa aka sa mata lambarsa.

Ta ja shi gaban sarkin makiyaya ta ce, "Tawa ce. Na san kukanta."

Sarkin makiyaya ya ce, "Mama, kuka ba shaida ba ne. Tsagar ta ku biyu ce, lambar kuwa tasa ce shi kaɗai."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Washegari ta koro goman zuwa ƙofar sarkin makiyaya, ta zauna a kan turmi ta ce, "Ban zo don ka fi ni gaskiya ba. Ciniki na zo yi." Kwana uku suna ja, shi yana cewa a yanke gefen kunnen tsagar ta ɓace, ita tana cewa sai dai a yanke nata.

Ma'anar wannan misali ita ce: kun ji ana sauya wa injunan kwamfuta na ofishin ikilisiyarmu da na asibiti da na makaranta adireshinsu na intanet, wato lambar da ake gane kowane inji da ita. Tsofaffin lambobin sun ƙare, injuna da yawa suna ɓuya a bayan lamba ɗaya, sabuwar kuwa ta ishi kowane inji ya sami tasa. Waɗansu dattawa suna cewa a bar shi yadda aka saba. To, ku ji. Wanda ya ƙi motsi ba ya tsare gādonsa, jira yake a raba shi da shi. Haka ma mai fakewa da bangaskiyar ubansa ko ta mijinta. Makiyayinmu ba da shaidar gida yake kira ba, kowa da sunansa yake kiransa. Amma kada wani ya sa ku jin kunyar abin da ya kawo ku yau. Tsoho da sabo su yi tafiya tare har sabon ya tsaya da ƙafarsa. Ku shiga da kanku a sama, kamar matar nan.

A rana ta uku gwauruwar ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce wa sarkin makiyaya, "Sa ƙarfenka a kunnen dama. Na hagu na Barnaba ne har waɗannan su mutu. 'Ya'yan da za su haifa kuwa ba zan tsaga musu ba. Wannan ne farashina, na sallama."