Mai Laifi Na Cikin Kwando

Godiya ta tabbata ga Allah da Yake ɓoye bayinSa na gari cikin jama'a kamar yadda Yake ɓoye ruwa a ƙarƙashin yashi. Daga cikinsu akwai Shehinmu na Tudun Wada, kogin ilimi, ma'abocin zuhudu da tsantseni, wanda ko tururuwa ba ya yarda a taka a gabansa, Allah Ya ƙara masa yarda.

Indo, ɗaya daga cikin matan da ke ɗaukar karatu a wurinsa, tana da lambun alayyafo a bakin kogin Kaduna, iyaka ɗaya da na Damaris, mutuniyar unguwar Trikania. Wata safiya ta ƙarshen damina, raɓa ba ta gama bushewa ba, Damaris ta tura hannu cikin kwandon ganyen da ta yanka, sai ta ji abu ya soke ta a yatsa, ba ta kuwa ga komai ba. Mijinta Albert ya rugo da fartanya, ya hango wani koren maciji siriri yana sulalewa cikin ciyawa, ya sare shi, ya ɗago shi a kan sanda.

"Damatsiri ne fa! Maman Debby, kin tayar mana da hankali a banza. Wannan ko kaza ba ya kashewa."

"To, miƙa masa naka yatsan mu gani," in ji Damaris tana dariya. Ta ɗaure wurin da tsumma, ta ɗora kwando a ka, za ta kasuwa. Indo dai hankalinta bai kwanta ba, domin ta lura jinin yana ta ratsa tsumman, ya ƙi tsayawa.

Indo da Albert suka rufa mata baya, hanyarsu ta bi ta gindin mangwaron da Shehi yakan keɓe a ranakun da babu karatu. Ya amsa gaisuwarsu, ya daɗe yana duban gawar da ke kan sanda.

"Wannan bai taɓa kowa ba," ya ce a hankali. "Laifinsa kawai shi ne ya fito fili. 'Yata, sauke kwandon nan."

Ta sauke. Ya sunkuyar da kai, leɓunansa na motsi. Indo ta ce a lokacin iska ta tsaya, ƙarar motocin kan gada ta yi nisa kamar daga wata duniya, kogin ma ya zama kamar mai barci. Sai ganyen alayyafo ya buɗe, wata gajeriyar macijiya mai launin ƙasa ta sulalo, da fararen ɗigo-ɗigo jere a gadon bayanta. Ta naɗe a gaban buzunsa, ta goga jikinta da jikinta, ya ba da sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, sannan ta kwantar da kai kamar ɗalibar da ta zo biya karatu.

Shehi ya ce, "Ku dube ta da kyau, don ku faɗa wa likita. Kububuwa ce. Addu'a tamu ce, allura tasa ce. Ku tafi yanzu."

Albert ya ɗaga fartanya zai sare ta. Shehi ya ɗaga tafin hannu. "Ɗaya ya isa yau."

A asibiti jinin da aka ɗiba ya ƙi daskarewa a kwalba, likita ya ce da ta wuni a kasuwa, da sai dai wani labarin. Aka yi mata allura, Allah Ya tashi kafaɗunta.

Da Indo ta koma yin godiya, ta tarar Shehi ya binne damatsirin a gindin mangwaron da hannunsa. A reshen da ke saman kansa kuwa, ga wani kore siriri yana shan hantsi, da tabo a wuyansa daidai faɗin bakin fartanya. Ta buɗe baki za ta tambaya, ya juya shafin littafinsa. Allah ne masani.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya hore wa masoyanSa abin da ke tafiya da ciki. Ya Allah, Ka ƙara wa Shehinmu daraja, Ka yayyafa mana albarkarsa, Ka tsare mu daga ɗaukar abin da zai halaka mu a ka, muna dukan wanda bai ji ba bai gani ba. Amin.