Maƙerar Labbo Mai Ƙofa Ɗaya

An yi wani mutum a Sabon Birni, maƙeri, ana ce da shi Labbo, a zamanin da Gobirawa da mayaƙan garin Isa ba sa ga maciji.

Al'adar maƙeran garin ita ce a kafa maƙera a waje, nesa da rumbu, a bar ta buɗe gaba da baya, don iska ta wuce, mutum ma ya samu hanyar fita. Labbo ya san wannan tun yana goye.

Sai kwaɗayi ya shige shi. Ya fara ƙera kibau yana sayar wa mutanen Isa a ɓoye, su kuma su harbi mutanen Sabon Birni da su. Don kada a gani, ya mayar da maƙerarsa cikin gida, jikin rumbun gero. Ya yi mata jinka, ya toshe ko'ina, ya bar ƙofa ɗaya.

To wa zai yi masa zuga? Duk mai ido zai tona shi. Sai ya zaunar da mahaifiyarsa Fadima, tsohuwa makauniya, gaban zuga-zugi. Ya 'yan uwa, kun ji dabarar banza?

Ya manta shekara arba'in ta yi tana auren maƙeri. Wata rana ta tsaida hannu ta ce, "Labbo, wanga bugu ba na hauya ba na. Kibau nika ji, kuma sun yi yawa. Wa kaka ƙera ma su?"

Ya ce, "Inna, ke dai yi zuga."

Ran nan da azahar mai saye ya iso bayan ganuwa. Labbo ya ce, "Za ni in dawo." Ya tokare ƙyauren ta waje da itace, kada wani ya leƙa, ya tafi.

Tartsatsi ya kama jinka, jinka ta kama rumbu. Maƙwabta suka sheƙo da ruwa, suka dinga zuba wa rumbun, don ba wanda ya san da mutum a ɗakin da aka tokare ta waje.

Da ya dawo, wuta ta gama. Ga kawunan kibau zube cikin toka, kowa yana gani. Bai ɓoye su ba, bai yi kuka ba. Ya zauna ƙasa riƙe da guntun itacen nan. Aka yi jana'izar mahaifiyarsa yana zaune. Aka kore shi daga gari, ya tashi ya tafi da itacen a hannu, bai waiwaya ba.

Ya 'yan uwa, mai cin amana ƙofofi yake toshewa don ya ɓuya, bai san wanda zai rufe a ciki ba. Aikin da kake jin tsoron maƙwabcinka ya gani, ka bar shi tun yau.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga sharrin hannuwanmu.