Filin Da Ba A Nunawa Da Damina

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Dutse. Ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa suna raye. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano suna neman matsuguni, sai ya bar sayar da hatsi ya koma harkar filaye. Ya sayi gonaki a gefen gari, ya yanka su fuloti-fuloti. Wannan halal ne, babu mai cewa komai.

A cikin gonakin akwai wata a kwari, a gindin duwatsu. Manoman wurin duk sun san hanyar ruwa ce. Shi ya sa magabata suke cewa da damina ake duba fili. Shi kuwa bai taɓa kai mai saye wurin ba sai da rani, bayan ya sa an zuba jar ƙasa an baje.

Wani malamin makaranta, Malam Muntaka, baƙo daga Kafin Hausa, ya tsaya a kan filin ya ce, "Alhaji, ruwa ba ya kwanciya a nan?"

Ya ce, "Malam, nan ai tudu ne. In ba ka so, akwai mutum uku a bayanka."

Malam Muntaka ya saya. Mutumin ya gaya wa kansa abin da da yawanmu muke faɗa: ai ciniki ne, mai saye yana da ido. To ido ya ga me, bayan ka binne abin da zai gani?

Kafin Malam Muntaka ya yi gini aka canja masa wurin aiki, ya sayar. Wanda ya saya ya tayar da ɗaki biyu na ƙasa, ya shafe da siminti, ya yi fenti. Shekara biyu damina ba ta yi ƙarfi ba, gida ya tsaya, sai mai gidan ya sa shi a kasuwa.

Wa ya saya? Isah, mijin Mu'minatu, 'yar mutumin nan ta fari. Ƙaramin ma'aikaci ne da ya gaji da zaman haya a unguwar Yalwawa. Ya zo da murnarsa ya durƙusa ya ce, "Baba, na samu gida. Kafin mu tare ina so ka je ka gani, kai ka san ƙasar garin nan."

Ya je. Tun daga nesa ya gane wurin: kwarin nan ne da ya sayar.

A nan nake so mu tsaya, 'yan uwa. Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya ce musu kada su shiga, shi ke nan. Amma in ya faɗa, Isah zai koma wa wanda ya sayar masa, a zaro takardun ciniki, ta farkon kuwa da sa hannun shi surukin nasa. Ga shi a lokacin shi ake kira sasanta rikicin iyaka. Ya auna 'yarsa da sunansa. Sai ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Allah ya sanya alheri." A ransa yana cewa bana ma ruwa ba zai yi yawa ba, in an kwana biyu ya nema musu wani.

Wata Talata cikin Agusta, bayan azahar, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Isah yana ofis. Ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa, ya ci gindin ginin, bangon ɗaki ya rufta wa Mu'minatu tana shayar da jaririnta. An zaro yaron da rai. Ita kuwa kafin a kai gare ta ta cika.

A zaman makoki wani tsohon manomi ya ce, ba da nufin kowa ba, "Wane marar tsoron Allah ne ya fara sayar da kwarin nan?"

Mutumin ya ce, "Ni ne. Kuma na je na gani, na yi shiru."

Babu kotun da ta kira shi. Shi da kansa ya daina fita, ya bar filayensa ciyawa ta cinye. Uwar Mu'minatu ta ci gaba da ajiye masa abinci, amma ba ta ƙara zama inda yake zaune ba har ya rasu. Wallahi ina jin tausayinsa, kuma ina jin tsoro, don abin da ya yi ba baƙon abu ba ne a cikinmu.

Ya kai mai fili, ya kai dillali, ɓoye aibin abin sayarwa algus ne, kuma haramun ne. Faɗi aibin, ko da cinikin zai watse. In ka riga ka ɓoye, tona kanka yau, tun abin da za ka rasa suna ne kawai. Ba ka san wa zai kwana a ƙarƙashin bangon ba.

Allah ya kiyaye mu daga shirun da ke kashe namu, ya jiƙan Mu'minatu, ya yafe wa mahaifinta. Amin.