Mutumin da ke Riga Kowa Sanar da Mutuwa

An yi wani mutum a Kwarbai, nan cikin birnin Zariya, ba sai na kama sunansa ba. Maɗinkin manyan riguna ne, hannunsa na da kyau, har daga Kaduna ake kawo masa aiki. Amma ba da allura yake tinƙaho ba, da mabiyansa na Fesbuk yake yi, mutum dubu goma sha biyu. Da sanarwar mutuwa ya tara su. Kafin a rufe wa mamaci ido, gogan ya riga ya ɗora hoto.

Limamin unguwa ya taɓa ja masa kunne: "Malam, labarin mutuwa da ƙafa ake kai shi. Dattawa ke zuwa, a zauna, a lallaɓa."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, zamani ne. In ban sa ba, wani zai sa."

Wata Talata da hantsi mota ta buge mai babur a Kongo. Aka turo masa hoto, ya gane Haisam ne, ɗan maƙwabciyarsa Hajiya Jummai, kwance cikin jini. Daga shagonsa zuwa gidanta bai kai taku hamsin ba. Bai je ba, bai tambayi kowa ba. Ya rubuta cewa Haisam ya rasu, ya ɗora.

Hajiya Jummai na tankaɗe, sai ga wata mata ta faɗo gidan da waya a hannu tana kuka. Uwar ta duba, ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, ta kife. Da ma tana fama da hawan jini. Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Ashe Haisam suma ya yi. Ya farfaɗo a asibiti da karaya a ƙafa, yana roƙon kada a gaya wa Hajiya, kada hankalinta ya tashi.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan zai yi? Ya goge abin da ya rubuta, amma labarin ya riga ya shiga ɗaruruwan wayoyi. Da aka ɗauko makara ya miƙa kafaɗa, aka matse, ba wanda ya ba shi wuri. Ba a zage shi ba, ba a doke shi ba. Masu kawo masa aiki dai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓe yadinsu. Mabiyansa kuwa sai ƙaruwa suka yi, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya zo ya zauna a bencin shagonsa.

Bayan sadakar bakwai ya je ya durƙusa gaban Haisam yana kuka. Haisam ya dube shi ya ce, "Ni na yafe nawa. Nata kuma, ban san inda za ka same ta ba."

Ya 'yan uwa, kafin yatsanka ya taɓa waya, tsaya ka tabbatar, ka kuma tuna akwai uwa a wani gida. Mutanen waya ba sa ɗaukar makara, maƙwabta ke ɗauka. Akwai hakkin da mai shi ke tafiya da shi kabari, ba ka da hanyar roƙonsa sai ranar tsayuwa.

Allah ya kiyaye mu da aikin da-na-sani, ya tsare mana yatsunmu da harsunanmu. Amin.