Gizo da Kiri-kirin Iya Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, Gizo dai kun san shi, hannu takwas amma babu na aiki ko ɗaya. Yana da uwa, Iya Tasalla, tsohuwa makauniya. Abin da ta fi so a duniya shi ne kiri-kirin da ta dasa a tsakar gidanta, ciyawar nan mai laushi da ke shimfiɗuwa kamar tabarma. Takan ce, "Ni ba ido gare ni ba, tafin ƙafata ne ya san gida. Inda na taka kiri-kirina, nan ne gidana."

Ran nan 'yarta ta haihu a wani gari mai nisa, Iya ta shirya tafiya. Ta ce, "Gizo, ruwa buta guda da safe, buta guda da yamma. Duk baƙuwar ciyawar da ta leƙo, cire ta tun tana ƙarama."

"An gama, Iya," in ji Gizo. Ya ja tabarma inuwa ya miƙe.

Bayan kwana uku sai ga Tsidau, tsiron nan mai ƙaya, ya leƙo. "Salamu alaikum, maigida. Kwana ɗaya zan yi."

"Gobe zan cire ka."

"Allah ya kai mu," in ji Tsidau.

Gobe ta yi, ya zo da matarsa Ƙarangiya. Jibi 'ya'ya, gata surukai. Kafin damina uku Tsidau ya naɗa rawani, sai Gizo ya yi sallama yake shiga gidan ubansa, ta kan katanga kuma yake bi zuwa ɗaki. Mutumin banza! Da ni na haife shi da tuni kunnensa ya yi tsawo.

Kwatsam sai Hankaka ya kawo labari: gobe Iya tana tafe. Gizo ya tashi zumbur. Malalaci ne, amma yana son uwarsa, kuma ya san halinta. In ba ta taka kiri-kiri ba za ta juya, ta je ta ƙare kwananta a gidan suruki.

Ya ruga wurin tumaki, ya yi musu alkawarin dusa. "Ku kwanta a tsakar gida ku manne da juna, kada wanda ya yi tari."

Iya ta sauka daga jaki, ta tuɓe takalmi a zaure, ta taka. "Kai! Kiri-kirina ta yi ƙiba."

"Kulawa ce, Iya."

"Har da numfashi take yi?"

Sai Tsidau ya soki wani rago a ciki. Rago ya zabura da Iya a bayansa, sai a rumfar masu daddawa a kasuwa aka sauke ta. Ta dawo ta zauna kan kayanta a ƙofar gida ta ce, "Wannan ba gidana ba ne."

Kashegari Gizo ya tafi tafki ya kwaso kwaɗi kwando bakwai, ya jera su. Iya ta taka, ƙwaƙ! Ta ƙara taku, ƙwaƙ!

"Gizo, yaushe ciyawata ta koyi gaisuwa?"

"Murnar ganinki take yi, Iya."

"Wadda na dasa ba ta da surutu. Wannan ba gidana ba ne."

Rana ta uku ya ɗauki zabira ya ce shi wanzami ne, aski kyauta. Ya aske gemun bunsuran garin kaf, ya zo ya daddasa. Wannan karon Iya ko takalmi ba ta tuɓe ba, tun daga zaure ta toshe hanci.

"Turare na yayyafa mata, Iya."

Bai rufe baki ba sai ga bunsurai a fusace, matansu sun yi musu dariya. Kowa na cizgar gemu yana cewa nasa ne, ɗan ƙarami ya tafi da na kakansa. Kai jikana Ɗanliti, rufe bakin nan kada sauro ya shiga.

Iya ba ta yi faɗa ba, ba ta zage shi ba. Ta dai ce da mai jakin da ya kawo ta, "Ranar Juma'a ka zo ka mai da ni. Ɗana ya ɓatar mini da gida."

Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya shiga gida idonsa cike da hawaye, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Kai, ba ka yi sallama ba!" in ji Tsidau, ya caka masa ƙaya a gindi.

Zuciya ta ɗebi Gizo. Ya cafke shi ya fizge har saiwa, rawani ya yi gefe. Gizo ya tsaya yana kallon hannunsa. Ashe iyakar abin ke nan, shekara uku yana bin katanga! Ya sa hannu takwas, ya cire Ƙarangiya, ya cire 'ya'ya, ya cire surukai, jini na zuba bai tsaya ba. Da ya kai gindin randa sai ya ji wata siririyar murya.

"A hankali, kada ka haɗa da ni."

Kiri-kiri ce, ganye uku tak, duk ta yi rawaya.

"Kina raye?"

"Randar nan mai yoyo ce ta riƙe ni. Ta fi ka sanin darajar uwarka."

Kunya ta kama Gizo. Ya sassauta ƙasa da fartanya, ya barbaɗa kashin da tumaki suka bari, ya dinga ba ta ruwa safe da yamma. Amma ciyawa ba ta san gaggawa ba. Juma'a ta zo, kiri-kiri ba ta wuce faɗin tafin ƙafa ba, ga mai jaki a ƙofa.

Ƙarya uku suka zo wa Gizo baki, ya haɗiye su. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ban ba ciyawarki ruwa ba ko sau ɗaya bayan tafiyarki. Abin da ya rage na ƙafa ɗaya ne."

"Kai ni."

Ya goya ta har gindin randa. Ta sauke ƙafar dama, ta motsa yatsunta. Can ta ce, "Na zo gida." Amma ƙafar hagu tana sama.

"Iya, sauke ɗayar mana."

"A kan me? Can ba gidana ba ne."

Haka tsohuwar nan ta tsaya a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe. A nan take cin tuwo, a nan take barci. Ku zo ku ga gudu wurin Gizo, buta a kowane hannu, ko ɗan tsidau ya leƙo ba ya ƙarasa sallama. Kwana bakwai ta sauke ƙafa ta biyu. Duk sadda ciyawa ta miƙa, Iya ta ƙara taku. Sai da aka kwana arba'in ta kai ƙofar ɗakinta.

Kafin ta shiga ta kama hannuwan Gizo, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya har takwas, duk sun yi kanta, ga tabon ƙaya. Ta ce, "Da ƙafa na gane gidana. Da hannu na gane ɗana."

To kun ji, jikoki. Abin da buta guda ke riƙewa yau, in ka ce sai gobe, da jininka za ka dawo da shi, kuma mai ƙaunarka ne zai sha tsayuwa yana jiranka.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai share tsakar gida da safe ba, ya san wa zai yi masa sallama.